Ɗan Sakandare a Gida: Mu Fara Daga Inda Hannunsa Yake

(Jawabin da kwamitin ilimi ya karanta a gaban iyaye da shugabannin ikilisiyoyin yankin Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi. Mun buga shi a nan domin 'yan'uwan da hanya ta hana su zuwa.)

  Mun san abin da fitowa daga gida take nufi a wannan yanki, saboda haka ba za mu ɓata muku lokaci da dogon gabatarwa ba.

An ba mu mu yi magana a kan yaran da shekarunsu suka kai na babbar sakandare, wato daga 15 zuwa 18 ko fiye kaɗan, amma suna zaune a gida. Kusan kowace ikilisiya da ke nan tana da irinsu. Wani makarantarsa aka rufe. Wani makarantar tana nan, amma uban ba zai iya barci ba in yaron yana kwana a cikinta. Wata kuwa kuɗi ne suka ƙare, gama gonar da ake biya mata da ita ba a shiga ta yanzu.

Bari mu tuna yadda muka zo nan, domin ƙananan yaranmu ba su san lissafin ba. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantun ƙasar nan saboda cutar korona, yara suka yi watanni a gida. Ba a daɗe da komawa ba, ran 26 ga Fabrairu 2021, aka kwashe 'yan mata daga makarantar kwana ta Jangebe. Mun gode wa Allah an sako su 279 bayan 'yan kwanaki, amma gwamnati ta rufe makarantun kwana. A watan Yuli na shekarar aka shiga makarantar Bethel ta Baptis a jihar Kaduna, inda wasu daga cikinmu suke ganin can ne mafita. Ran 1 ga Satumba aka sace ɗalibai a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a Maradun, aka rufe makarantun jihar gaba ɗaya. A makon nan kuma aka yanke layukan waya, aka hana cin kasuwannin mako. A watan Oktoba aka kai hari Sakajiki, aka kashe mutum 12. Sai a Janairun 2022 aka fara buɗe wasu makarantu. Wanda yake aji ɗaya na babbar sakandare a farkon 2020, ku lissafa da kanku kwana nawa ya zauna a gaban malami kafin lokacin jarrabawarsa ya zo. Abin da ya faru a Maga ta jihar Kebbi da Papiri ta jihar Neja a Nuwamban 2025 ya nuna mana cewa zancen bai wuce ba tukuna.

Kada wani ya fita daga nan ya ce kwamiti ya ce a cire yara daga makaranta. Ba mu faɗa ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye su sa yaro a makaranta har ya gama aji uku na ƙaramar sakandare, kuma inda makaranta take a buɗe, hanya tana biyuwa, makaranta ta fi. Maganarmu a kan wanda ya riga yana gida ne, ko muna so ko ba mu so.

Za mu fara da kuskurenmu. A 2021 da aka rufe makarantu, wasunmu muka ɗauki jadawalin makaranta muka manna a bangon ɗaki: ƙarfe takwas Turanci, tara lissafi, goma ilimin halittu, haka har darasi tara. Muka saya bulala ma. Mako biyu abin ya yi. Uba ba malamin kimiyya ba ne, uwa tana da tuwo a kan wuta, yaro kuwa yana zaune da littafi a buɗe, idonsa yana ƙofar gida. Daga nan faɗa ya fara. Muka ce yaran zamani ba su son karatu, su kuma suka ce mun mai da gida kurkuku. Waɗanda suka fi ƙarfin bulala suka fita. Mun san inda wasu suka ƙare: wajen haƙar zinariya, ko kabu-kabu a Legas, ko zaman tasha inda ake sayar da ƙwaya. 'Yan mata biyu da muka sani an yi musu aure ba don sun shirya ba, sai don an rasa abin da za a yi da su. Mu da muke 'yan kaɗan a wannan ƙasa, in ikilisiya mai iyali goma sha biyar ta rasa matasa huɗu, ai ta rasa ƙungiyar mawaƙanta da malaman makarantar Lahadinta na gobe.

Wanda ya buɗe mana ido wani ɗan'uwa ne da yake noma ta wajen Sakajiki, ya dawo da iyalinsa cikin Ƙaura bayan harin. Bai yi karatun boko mai nisa ba. Ɗansa mai shekara 16 ba abin da yake so kamar kwance tocila da rediyo, har uwar ta gaji da tsintar ƙusoshi a cikin tabarma. Uban bai hana shi ba. Ya tara kuɗi ya saya masa farantin sola na hannu da tsohon batir, ya ce, “Ga shi, in ka iya, ka riƙa yi wa maƙwabta caji. Amma kowace safiya sai ka rubuta mini waya nawa ka karɓa, nawa suka cika.”

Kwana uku batir ya riƙa mutuwa kafin la'asar. Yaron ya zo wurin ɗaya daga cikinmu, wanda ya taɓa koyar da lissafi, ya ce, “Baba, batirin nan ne ba kyau, ko ni ne ban iya ba?” Aka ce ya karanta abin da aka rubuta a jikinsa. Ya ga 12, ya ga 100. Aka ce ya yi 12 sau 100, ya sami 1,200. Aka gaya masa irin wannan batir, in ana so ya yi ƙarko, rabi kawai ake sha, saura 600. Waya ɗaya tana cin wajen 15, ashe a cike ma batirin waya 40 zai ɗauka. Sa'an nan aka koma kan farantin: mai ƙarfin wat 100 ne, in ya sami rana mai kyau ta awa biyar zai ba da 500, ban da abin da yake zubewa a waya da zafi, ban da ranar hazo. Yaron ya yi shiru, ya ce, “Ashe ina ɗiba fiye da yadda ake zubawa.” Wannan yaro ne da aka ce ba ya gane lissafi. Kafin wata uku ya nemi littafin fiziks da kansa domin ya ga babin wutar lantarki, kuma tun da takardun da suke zuwa da kayan sola da Turanci aka rubuta su, sai ga shi da ƙamus a aljihu.

Karatun da muka ji ɗazu daga Fitowa sura 31 ya dace da wannan. Sa'ad da za a yi alfarwa ta sujada, Ubangiji bai ce Musa ya ɗauki guduma ba. Ya kira Bezalel da sunansa, daga kabilar Yahuza, ya ba shi Oholiyab na kabilar Dan ya taimake shi, kuma Nassi ya lissafa gwanintar aikin zinariya da dutse da itace cikin abin da Ruhun Allah ya cika shi da shi. Mu kan manta da wannan. Mu kan ɗauka baiwa ita ce wa'azi da waƙa, sauran kuwa wasan yara ne. Amma Bezalel ya taɓa zama ɗan shekara 16, kuma ba mu shakka akwai wanda ya yi masa faɗa a kan ɓata itace. Ubangijinmu da kansa mutanen Nazarat da sana'ar kafinta suka san shi. Bulus ya ci abinci da ɗinkin alfarwa a gidan Akila da Bilkisu.

To, yaya uba ko uwa za su gane inda hannun yaro yake? Ba ta tambaya ba. In ka tambaye shi me kake so ka zama, zai ce likita ko soja, domin ya san amsar da kake so ka ji ke nan. Ku zuba masa ido mako biyu ko uku ba tare da ya sani ba. Wane aiki yake yi ba a sa shi ba? A kan me yake manta da abinci? Wurin wa yake zuwa ya tsaya yana kallo? In abin ya lalace, yana jefarwa ne ko yana sake gwadawa? Wannan ta ƙarshe ita ce babba. Sha'awar da ba ta jure wa faɗuwa ɗaya, marmari ne kawai, kada a sayar da akuya dominta.

In an gane, aikin iyaye shi ne su rataya karatu a jikin abin. Ga wata yarinya a Shinkafi da take son ɗinki. Uwarta ta kai ta wurin tela, wannan ba sabon abu ba ne, kowa yana yi. Sabon abin shi ne wata malama a ikilisiyarsu ta ce kowace Asabar ta kawo mata littafin awo. Turmin atamfa yadi shida ne, yadi inci 36, inci kuma santimita 2.54. Daga nan kaɗai an sami ninkawa da rabawa da juya ma'auni. Ranar da yarinyar ta so ta yanka siket mai buɗewa kamar laima, ƙugun mai kayan inci 28, sai malamar ta ce ta raba 28 da 6.28, ta sami kusan inci huɗu da rabi, ta auna wannan daga kusurwar yadin da ta ninke, ta zaga da alli. Da ta yanka, ƙugu ya zauna daidai. Malamar ta buɗe mata littafin lissafi wurin da'ira, ta ce ga 22 bisa 7 ɗin da kika ce ba ki ga amfaninsa ba. Bayan haka aka sa ta rubuta wasiƙar neman kwangilar ɗinkin kayan ƙungiyar mawaƙa, da Turanci, aka gyara mata sau huɗu. Irin wasiƙar da ake tambaya a jarrabawa ke nan.

Mai son dabbobi ma haka. Ya riƙe littafi: ranar da aka yi wa akuya barbara, ya ƙirga wajen kwana 150, kaza kwana 21 take kwanci, ƙwan zabo kuwa sai ya kusa mako huɗu, nawa aka kashe a dusa, nawa aka sayar. Ya je wurin malamin dabbobi ya tambayi rigakafin da ake kawowa daga Vom, ya dawo ya bayyana wa gida. Ba za mu tsawaita a nan ba, gama ku kun fi mu sanin kiwo.

Wani abin da zai ƙarfafa ku: a 2025 gwamnatin tarayya ta sake tsarin darussa, ta rage darussan sana'a zuwa shida. Cikinsu akwai haɗa sola, da ɗinki, da kiwo, da gyaran waya da kwamfuta, da aikin lambu, da kwalliya. Ashe abin da yaronku yake yi a tsakar gida, ita ma makaranta ta yarda karatu ne.

Kada mu ji kunyar koyo daga maƙwabtanmu. Duk wanda ya taɓa wucewa ta zauren malami da asuba ko bayan la'asar ya ga yadda ake yi: ɗalibai goma, kowa da littafinsa, kowa a shafinsa, malam yana biya wa wannan ya juya ga wancan. Ba ƙararrawa, ba aji, ba wanda ake ja ko ake jira. Da haka aka yi malamai a ƙasar nan tun kafin jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929. Mu ma muna da namu tarihin. A cikin gidansa a birnin Zariya Likita Mila ya fara koyar da yara 'yan kaɗan, kafin a koma Wusasa, kuma daga wannan ƙaramar jama'a aka sami Dokta Dikko, likitan farko daga Arewa. Ƙarancinmu ba hujja ba ce. Ikilisiyar da take da nas ɗaya, da malamin firamare mai ritaya, da makaniki, da ɗalibi ɗaya a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke nan Ƙaura, tana da makaranta, sai dai ba ta sani ba. Majami'a kuma a rufe take daga Litinin zuwa Juma'a, da benci da allo a ciki.

Yanzu ga inda za mu ɗaure fuska kaɗan. Akwai abu biyu da ba a bar wa zaɓin yaro ba: Turanci da lissafi. Ko yana so ko ba ya so, awa ɗaya ko ɗaya da rabi kowace safiya kafin ya taɓa sola ko keken ɗinki. Dalili kuwa, ba jami'ar da za ta ɗauke shi ba tare da kiredit biyar ba, kuma dole Turanci ya kasance a ciki, lissafi ma haka ga yawancin kwasa-kwasai. Yaro mai shekara 16 bai san abin da zai so yana da 22 ba, ba daidai ba ne mu bar shi ya rufe wa kansa ƙofa. Wanda ba ya makaranta yana da hanyar samun takarda. WAEC tana da jarrabawar masu zaman kansu, wadda muka saba kira GCE, kuma tun 2018 sau biyu ake yin ta, a farkon shekara da wajen ƙarshenta. NECO tana da tata a ƙarshen shekara. NABTEB, wadda aka kafa a 1992, ta masu sana'a da kasuwanci ce, kuma ana shiga manyan makarantu da takardarta. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya tana yin gwajin sana'a mataki uku. Ku tuna JAMB da kwamfuta ake yin ta tun 2015, WAEC ma ta fara haka ga masu zaman kansu a 2024, kuma ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, an cuce shi. A nemi wanda yake da kwamfuta a ikilisiya, ko a biya kuɗin awa a shago, ya saba.

Amma kada ku dogara ga waya. Mun ga 2021, da aka yi makonni, wasu wurare watanni, ba layi. Wanda karatunsa yake cikin intanet ya tsaya cak, wanda yake da tsofaffin tambayoyin jarrabawa a takarda ya ci gaba. Ku sayi littafi, ko na hannu ne, iyali uku su yi tarayya a kansa.

Akwai wata cuta da ta fi kama mu iyaye, dole mu faɗe ta. Uba yana da shago, yana bukatar mai jira, sai ya ce ai yaron nan kasuwanci yake so. Uwa tana da jarirai, sai ta ce yarinyar nan aikin gida ne baiwarta. Iyayenmu, ku yi mana gafara, wannan ba bin sha'awar yaro ba ne, bin bukatarmu ne muka sa masa riga. Ga yadda za a gane: bayan wata uku, me yaron ya iya wanda bai iya ba a da? In amsar ita ce ba kome, aiki yake yi mana, ba karatu ba. 'Yan mata suka fi shan wannan. Mun san yarinyar da take son gyaran waya, aka ce ba aikin mace ba ne, aka tura ta kitso, ta ƙi, aka ce taurin kai. Mata nawa ne a garin nan ba za su so su miƙa wayarsu da hotunansu ga namiji ba? Da an bar ta, da yanzu layi ake yi a ƙofar gidansu.

Sai kuma yaron da gida ba zai iya masa ba. Wadda take son aikin nas ko likita da gaske, tana bukatar ɗakin gwaje-gwaje da malamin kemistiri, ba za a yi wannan a tsakar gida da kwano da cokali ba. A nan sai ikilisiya ta tashi tsaye, a nemi ɗan'uwa amintacce a Gusau ko Zariya ko Jos da zai riƙe ta, a haɗa baiko na musamman. Amma a bincika gidan sosai, a riƙa ziyara. Mun taɓa tura yarinya karatu wani gida, bayan shekara muka tarar wanke-wanke take yi, ko rajista ba a yi mata ba. Laifinmu ne da ba mu je ba.

Game da iyayen gida na sana'a: yawancin gwanayen da ke kasuwanninmu Musulmi ne, kuma da yawansu sun riƙe yaranmu da amana, sun koya musu ba tare da ɓoye kome ba. Uba ya je da kansa, kada ya aika. A zauna a yi magana a fili: wata nawa, ƙarfe nawa zai zo tun da yana da karatun safe, ranar Lahadi yana sujada, ba za a aike shi ƙauye ko a bar shi ya yi dare ba. Maganar da aka yi tun farko ba ta zama rigima daga baya. In mai gida ya yi kirki, a kai masa gaisuwa da Kirsimeti, a je masa barka da Salla.

Ba mu manta da Maganar Allah ba. A makarantun gwamnati da yawa da yaranmu suka yi, ba su sami malamin darasin addinin Kirista ba, saboda haka dama can a gida da majami'a suke samu, kamar yadda Timoti ya samu daga uwarsa Afiniki da kakarsa Loyis. Shawararmu ita ce yaro ya karanta sura ɗaya da Hausa, ya sake karanta ta da Turanci, ya rubuta abin da ya gane cikin layi biyar. Ya yi ibada, ya yi darasin Turanci a zama ɗaya. Mai son waƙa a ba shi aikin rubuta waƙoƙin zumunta da tsofaffi suke yi da ka, kafin su tafi da su.

Akwai yaran da za ku zuba wa ido mako uku ba ku ga kome ba. Ba ya son sola, ba ya son ɗinki, ba ya son ƙwallo ma. Kafin ku ce malalaci ne, ku tuna abin da idonsa ya gani. Wanda ya kwana a cikin gero yana jin harbi, ko aka biya kuɗi kafin a sako ubansa, ba lalle ne ya tashi da marmarin wani abu ba. Irin wannan kada a matsa masa. A ba shi ƙaramin aiki mai rai, ɗan akuya ko kwami biyu na alayyafo, wanda zai sa ya tashi da safe. Fasto ko wata uwa da yake sakin jiki da ita ta riƙa zama da shi. In ba ya barci, ko yana firgita, ko yana zancen mutuwa, a kai shi asibiti, addu'a kuma ba a daina ba.

Yaron nan mai sola, domin kada ku tambaya, bai ci Turanci a zaman farko ba. Ya ci lissafi da fiziks. Yana shirin sake zama, kuma shi ya haɗa fitilun da suke majami'arsu yanzu.

Magatakarda zai raba takarda kafin addu'ar rufewa, kowace ikilisiya ɗaya. A gefe guda ku rubuta yawan matasan da suke gida, da shekarunsu, da ajin da kowa ya tsaya. Ba sai kun sa suna ba, saboda hanya. A ɗaya gefen ku rubuta kowane babba da ya iya wani abu, ko da gyaran keke ne, da ranar da zai iya ba da awa biyu. Zumuntar mata, muna roƙo ku ne za ku cika na 'yan mata, gama ku kuka san waɗanda ake shirin aurarwa. A dawo da takardun ta hannun masu bishara kafin ƙarshen wata, domin mu san yara nawa za a nema wa kuɗin rajistar jarrabawa mai zuwa.